Tulun tangaran daga adakar Kaka: na da ne ko jabu?

Ummu_Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu sanin kayan da. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu, sai muka ciro wani tulun tangaran daga ƙasan adaka, an naɗe shi da tsohon bargo. Fari ne mai zanen shuɗi, furanni da tsuntsaye, tsayinsa ya kai kamu guda, wuyansa siriri. A gindinsa akwai rubutun Chaina guda shida a cikin zobe biyu. Gwaggo ta ce tun tana yarinya take ganinsa, wai daga aikin hajji ya zo da shi. Wani dillali ya zo, ko zama bai yi ba ya taya dubu ɗari da hamsin, da muka yi shiru ya ƙara hamsin. Saurin ƙarin nan ne bai kwanta mini ba. Don Allah ta yaya ake gane na ainihi? Ga hotuna nan.

Sarkin_Zolaya: Hajiya barka da arziki. Ni dai a tuna da ni ranar rabo, ko kuɗin kati ne.

Baba_Kurmi: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan kakanku. Abu na farko, kada ku sayar a makon nan, kada kuma ku bari wani ya tafi da shi wai zai nuna wa maigidansa. Ruwa ba ya tsami banza. Dillalin da ya yi wa kansa ƙari ba tare da an ce masa albarka ba, ko dai ya hango wani abu, ko kuma yana da mai saye da ke jiransa. Na biyu, kada a wanke shi da omo ko soson ƙarfe. A bar shi da ƙurarsa tukuna.

Dan_Guangzhou: Na ƙara girman hoton na uku na nuna wa yaron da ke mana tafinta a nan Chaina. Ya ce an rubuta: an yi a zamanin sarki Kangxi na babbar daular Qing. Ana karantawa daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu. To amma Hajiya kada ki yi saurin murna. Irin wannan hatimin ina iya cika miki kwantena da shi kafin Juma'a. Yadda ake buga sunan Getzner a bakin shaddar da ko hanyar Austiriya ba ta sani ba, haka ake rubuta sunan sarki a gindin tulun da aka gasa bara.

Malam_Tarihi: Maganar Alhaji na Guangzhou gaskiya ce, amma akwai ƙarin bayani. Kangxi ya yi sarauta daga 1662 zuwa 1722, bayansa Yongzheng zuwa 1735, sai Qianlong daga 1736 zuwa 1795. Kayan waɗannan sarakuna uku su ne aka fi nema a cikin na daular Qing, shi ya sa sunayensu aka fi rubutawa a kan na bogi. Sai dai ba duk tulun da hatiminsa bai dace da shekarunsa ba ne aka yi don cuta. Su kansu maginan Jingdezhen, garin da ya shahara da wannan sana'a a lardin Jiangxi, sun saba rubuta sunan sarkin da ya shuɗe don girmama aikin zamaninsa. A zamanin Kangxi ɗin ma kayan da yawa sunan Chenghua suke ɗauke da shi, sarkin daular Ming da ya rasu tun 1487. Har ana ruwaito cewa a 1677 hukumar garin ta hana rubuta sunan sarki mai ci, don kada kwano ya fashe a zubar da sunan a juji. Shi ya sa za ka ga na Kangxi na gaske da zobe biyu kawai babu rubutu, ko an zana ganye a ciki. Can kuma a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Guangxu, aka sake yayin salon Kangxi, aka yi ta buga sunansa a kan sababbin kaya. Idan tulun Hajiya na wannan rukunin ne, ya haura shekara ɗari, yana da darajarsa, ko da ba ta miliyoyin daloli ba ce.

Abu_Hanif: Ku yi haƙuri in katse ku. Kowa na maganar kuɗi, ba wanda ya tambayi ko an raba gadon. 'Yar'uwa, in kakanku ya bar 'ya'ya, tulun nan hakkin magada ne gaba ɗaya, ba na wanda ya buɗe adaka ba. Ko gwaggon da kika ambata tana da rabo. A sanar da kowa kafin a yi ciniki, kada abin da bai kai ya kawo ba ya raba zumunci.

Ummu_Sadiq: Na gode Malam Abu Hanif. Baffanmu ne ma ya ce in tambaya, shi ke riƙe da makullin ɗakin. Ba mai sayarwa sai kowa ya sani.

Baba_Kurmi: Madalla. To bari in gaya miki yadda muke dubawa, mu da ba mu iya karanta rubutun ba. Ki shimfiɗa bargo a ƙasa, ki zauna, ki kifa tulun a cinyarki. Ki manta da rubutun, ki dubi da'irar da yake tsayawa a kanta, wurin da ba a shafa ruwan sheƙi ba. Nan ne kaɗai ake ganin naman yumɓun tsirara. Na da, in kin shafa da yatsa za ki ji santsi mai taushi, na abin da ya shekara ana ja ana ajiyewa. Dattinsa ya shiga jiki, ba ya fita da yawu. Na jabu kuwa ko dai ki ji kaushi, ko ki ga an goga shi da takardar yashi har layukan sun jeru waje guda, sannan an shafa masa ruwan shayi ko man takalmi ko toka. Ki sa ɗan auduga mai laima a gefe ɗaya, in ya fito da launin ruwan ƙasa nan take, to an yi masa kwalliyar tsufa. Bayan haka ki haska tocila a cikinsa. Manyan tuluna na da, kashi-kashi ake gina su sannan a haɗa, don haka za ki ga ko ki ji wani ɗan tudu ya zagaye cikin a kwance, wajen tsakiya. In kuwa layi kika gani a tsaye daga wuya zuwa gindi, gefe da gefe, wannan na zubi ne, aikin inji. Daga ƙarshe ki ɗan ƙwanƙwasa shi da farce. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsagewa kuwa sai ki ji "ƙwaf".

Dan_Guangzhou: Baba, ranka ya daɗe, duk abin da ka lissafa masu yin jabu sun riga mu saninsa. A Jingdezhen akwai unguwa sukutum da aikinta ke nan, kwaikwayon kayan da, kuma a fili ake yi, ba laifi ba ne in ka sayar da shi a matsayin kwaikwayo. Masu arha su ne na shayi da man takalmi. Manyan kuwa da hannu suke ginawa kashi-kashi yadda ka faɗa, su gasa da itace, su kashe ƙyallin da sinadari. Har gindin tsohon tulu da ya fashe suke saye su ɗora masa sabon jiki. Ka kifa ka ga gindi na gaske, alhali daga nan zuwa sama ɗan bana ne.

Baba_Kurmi: Haka ne ɗana. Amma mai irin wannan wahala ba zai kai kayansa adakar tsoho a Arewa ba, Hong Kong zai nufa. Abin da ke zuwa hannunmu galibi mai arhar ne, shi kuwa yatsa na kama shi.

Maman_Ilham: Ni fa kuna ta magana gabana na faɗuwa. Irin wannan tulun guda biyu ne a jeren mahaifiyarmu, a saman kabad tare da kumbuna da fantekoki. Da ta rasu yara suka mai da ɗaya asusu har ya fashe, ɗayan muka ba mai gwangwan ya ba mu bokitin roba. Innalillahi.

Sarkin_Zolaya: Maman Ilham, bokitin dai yana nan ko? A riƙe shi da kyau, nan da shekara ɗari uku shi ma ya zama kayan tarihi.

Injiniya_Landan: Maman Ilham kwantar da hankalinki, a cikin dubu da wuya a sami ɗaya. Amma labaran da ke sa mutane rawar jiki ba ƙarya ba ne. A 2010 an kwashe kayan wani gida a Pinner, arewa maso yammacin Landan, aka sami tulu mai hatimin Qianlong, wani ƙaramin gidan gwanjo ya buga shi a kan fam miliyan 43. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya taya bai biya ba, aka yi ta ja, sai bayan shekara biyu da wani abu aka sayar wa wani a kan kusan rabin kuɗin. A 2018 wata mata a Faransa ta kai wa Sotheby's na Paris tulu a cikin kwalin takalmi, daga saman rufin gidan iyayensu, ya tashi yuro miliyan 16.2. A 2021 kuma ɗan ƙaramin kwano fari da shuɗi da wani ya saya dala 35 a gwanjon ƙofar gida a Connecticut ta Amurka, aka gano na farkon ƙarni na 15 ne, aka sayar fiye da dala dubu 700. Shawarata ga Ummu Sadiq: manyan gidajen gwanjon nan, Sotheby's, Christie's, Bonhams, suna da shafi a intanet da ake tura hoto su faɗi ra'ayinsu kyauta. Ki ɗauki hoton gaba, baya, baki, ciki da gindi, ki auna tsayi da santimita. In sun ga abin kirki za su neme ki da kansu.

Malam_Tarihi: Injiniya ka bar guda ɗaya da ta fi dacewa da gardamar Baba da Alhaji. A 2022 a Fontainebleau, gidan gwanjon Osenat ya sa wani tulu fari da shuɗi mai zanen dodanni, masaninsu ya ce na ƙarni na 20 ne, ya ƙiyasta shi bai wuce yuro dubu biyu ba. 'Yan kasuwar Sin suka cika wurin, suka yi ta tayi har yuro miliyan 7.7, don su a ganinsu na Qianlong ne. Masanin ya rasa aikinsa, amma bai janye maganarsa ba. To in waɗanda suka riƙe abu a hannu sun saɓa haka, mu da ke kallon hoton waya sai mu yi a hankali.

Hajiya_Damagaram: Sannunku da hira. Ni tambayata, me ya haɗa tangaran na Chaina da Makka? Ba ƙarya nake cewa gwaggo ta yi ba, amma alhazan da dai abin da muka san suna kawowa zamzam ne, dabino, tasbaha, darduma da kofunan shayi.

Malam_Tarihi: Hajiya, alaƙar ta daɗe ƙwarai. Shuɗin nan da kike gani, ma'adinin kobalt ne, kuma a ƙarni na 14 daga Farisa ake kai shi Sin, har daga baya Sinawa suka riƙa kiran wani nau'insa shuɗin Musulmi. Manyan farantan farko ma don kasuwar ƙasashen Musulmi aka yi su, masu cin abinci a taru a akushi ɗaya. Fadar Topkapi a Santambul na da tangaran ɗin Sin fiye da dubu goma. A gaɓar Afirka ta Gabas, su Kilwa da Gedi da Lamu, har a jikin kaburbura da bangon gidaje ake manna kwanukan. A zamanin sarki Zhengde, 1506 zuwa 1521, an yi kayan da ke ɗauke da rubutun Larabci da Farisanci. Jidda kuwa tashar jiragen ruwa ce da kayan Indiya da gabas ke sauka tun da daɗewa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne alhaji ya tsinci tsohon abu a can. Sai dai kuma kasuwar ta cika da sababbin kayan Sin da Japan a lokacin da kakanninmu suka fara zuwa ta jirgin sama, wannan ma gaskiya ne.

Dan_Guangzhou: Yawwa Malam, nan nake so a zo. "Tun ina yarinya nake ganinsa" in an lissafa shekara sittin ne ko saba'in. A wurinmu ya tsufa, a wurin masu wannan harka jariri ne.

Abban_Khalifa: Ni gargaɗi zan yi. Duk wanda ya biyo ki ta akwatin sirri bayan wannan hira ya ce yana da Bature mai saye, amma sai kin biya kuɗin rajista ko na gwaji ko na takardar fita, ɗan damfara ne. Irinsu ne suka ruɗi mutane da tsohon dutsen guga na gawayi da tsohon keken ɗinki, wai akwai wani sinadari mai tsada a ciki. Maƙwabcina sai da ya sayar da babur ɗinsa a kan irin wannan.

Admin_Zaure: An ji Abban Khalifa. Ba a yarda kowa ya sa lambar waya ko tallar saye a nan ba. Na goge saƙo biyu yanzu.

Yar_Suleja: Ni abin da ke ba ni haushi, duk hankalinmu na Chaina alhali namu na gida muna wasa da shi. Ku juya naira ashirin ku ga matar da ke bayanta. Ladi Kwali ke nan. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana tara tulunanta a fada, a nan Baturen nan Michael Cardew ya gan su. Ya buɗe makarantar ginin tukwane a garinmu a farkon shekarun 1950, lokacin ana kiran Suleja da Abuja, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. Tulunanta masu zanen ƙadangare, kunama, kada da kifi yanzu a Landan ake gwanjonsu da dubban fam. A gindi ko gefen ƙasa za ka ga LK, da kuma hatimin Abuja da rubutun ajami. Gidajen tsofaffin ma'aikata da yawa a Kaduna da Zariya da Minna akwai kofuna da butocin shayin makarantar nan, ana zuba musu ƙusoshi da maɓallai.

Baba_Kurmi: Allah ya yi miki albarka. Ko su ma an fara buga musu LK na ƙarya, tunda kuɗi ya shigo.

Hajiya_Damagaram: Mu a Nijar namu ciwon ya fi haka. Tun da aka gano tukwanen Bura a yankin Tera a 1975, masu haƙa suka far wa wuraren, aka yi ta lodi zuwa Turai. Tukwanen binne mamata ne fa. Wanda ya saya ya ajiye a falo bai san ko kabarin wa aka tona ba.

Malam_Tarihi: Haka aka yi wa kayan tarihin Nok a kudancin Kaduna. Shi ya sa ya kamata a bambance. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fita da kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi. Abin da aka tono daga ƙasa ba na sayarwa ba ne sam. Tulun Ummu Sadiq ba aikin ƙasar nan ba ne, amma in har za a fita da shi, gara a je ofishin hukumar, a Kano ga Gidan Makama nan, a nemi takarda, don jami'in filin jirgi ba zai tsaya bambance tulun Kangxi da kayan tarihin Kwatarkwashi ba.

Dan_Guangzhou: A nan ma haka ne. Duk abin da aka yi kafin 1911 an hana fita da shi daga Chaina. To ka ga wanda ya zo sarin kaya ya koma gida da "tulun Ming" a jaka, ko dai ya karya doka ko an karya shi. Na biyun ya fi yawa.

Ummu_Sadiq: Na dawo. Mun yi yadda Baba ya ce, ni da Baffa. Gindin yana da santsi, audugar ba ta ɗauko komai ba sai ƙura. A bakin inda sheƙin ya tsaya akwai wani siririn layi ruwan lemo. A ciki na ji tudun nan a kwance. Amma akwai 'yar tsaga a baki kamar silin gashi, ta kai rabin yatsa. Babu "Made in China" ko'ina, don wani ya tambaye ni.

Injiniya_Landan: Rashin wannan rubutun ba hujja ba ce, amma samuwarsa hujja ce. Dokar Amurka ce ta tilasta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa daga 1891, shi ya sa in ka ga CHINA da boko to bayan nan ne, "Made in China" kuma ya fi yawa daga wajen 1920. Kayan da ba Amurka za su ba, ko masu takardar liƙi da ta ɓalle, ba za ka ga komai ba. Tsagar kuwa za ta rage kuɗi sosai ko da na gaske ne. Ki samu fitilar nan da ake duba jabun kuɗi, ki haska shi cikin duhu, in an taɓa yi masa gyara da gam da fenti wurin zai fito daban.

Baba_Kurmi: Layin ruwan lemon nan ƙarfen da ke cikin yumɓu ne wuta ta fito da shi, alama ce mai kyau. Da shi da haɗin ciki da santsin gindi, ni a ganina ba na zamanin jirgin sama ba ne. Na fi kyautata zaton irin wanda Malam ya ce ne, na ƙarshen ƙarni na 19. Dubu ɗari biyu ta yi kaɗan.

Dan_Guangzhou: Baba ka yi mini afuwa, ban gamsu ba. Layin lemon ma ana yinsa. Ni shuɗin ne bai yi mini ba, ya yi bai ɗaya da yawa. Na Kangxi da na gani a gidan tarihi shuɗinsu hawa-hawa ne, daga mai duhu zuwa mai haske a cikin ganye guda. Hajiya ki ari gilashin masu gyaran agogo ki dubi fiffiken tsuntsu ɗaya. In kin ga ɗigo-ɗigo a jere irin na hoton jarida, bugawa aka yi. In kin ga inda burushi ya fara da inda ya ɗaga, hannu ne. Ki kuma gwada furanni biyu masu kama da juna, na hannu ba sa taɓa zama daidai wa daida.

Maman_Ilham: To wai babu na'urar da za a sa shi kawai ta faɗi shekarunsa a huta?

Injiniya_Landan: Akwai gwajin da ke nuna tsawon lokacin da yumɓu ya yi tun gashinsa na ƙarshe, ana yi a wani ɗakin bincike kusa da Oxford da wasu wurare. Amma sai an huda gindin an ciri ɗan guntu, kuɗinsa ɗaruruwan fam ne, kuma ba ya ba da shekara takamaimai, tazara yake bayarwa. Ga dabarar da Alhaji ya faɗa ta tsohon gindi da sabon jiki, shi ya sa suke ɗiba daga wuri fiye da ɗaya. Ba a fara da shi, sai masu gwanjo sun ce abin ya cancanta.

Abu_Hanif: Kafin nan dai a nemi tsohon fasfon hajjin marigayin ko wani hoton ɗakin da tulun ya fito a ciki. Ko ba don masu saye ba, magada za su so sanin shekarar.

Malam_Tarihi: Wannan ma masu sayen na biyan kuɗi a kansa, takardar da ke nuna inda abu ya kwana shekara da shekaru. Sannan a daina ɗaga shi ta wuya, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a kafaɗa, kuma kada a ɗora shi a taga. A 2006 a gidan tarihin Fitzwilliam na Cambridge wani baƙo ya taka igiyar takalminsa a matakala, ya faɗa kan tuluna uku na daular Qing da ke kan taga, duka suka tarwatse.

Dan_Guangzhou: Hoton da kika ƙara yanzu hasken waya ya wanke shi, ba na ganin komai. Gobe da hantsi ki fito da shi tsakar gida, a inuwa, ki kashe filashin, ki ɗauko mini fiffiken da kuma gindin daga gefe. Baba kai ma ka duba, don har yanzu ina kan bakana.